Karen da Ya Kusa Rufe Mini Ƙofa

 Kwana biyu kun ji ni shiru, a yi mini afuwa, hidimomi ne suka sha kaina. Yau zan ɗan kauce daga abin da muka saba tattaunawa, na tsadar haya da labarin hanya, in ba ku labarin kare. Na san wani zai ce, duk matsalolin da ke damunmu a rasa abin magana sai kare? To a daure a karanta zuwa ƙarshe, domin kuwa karen nan ya kusa raba ni da abin da ya fi komai daraja a wurin wanda ke zaune nesa da garinsu, wato jama'a.

Yadda aka yi na ajiye kare

Kamar yadda da yawa daga cikinku suka sani, ni mutumin Maraɗi ne. Na shigo Abuja a shekarar 2004, shekara goma sha uku ke nan bayan an dawo da babban birnin Nijeriya nan daga Legas. Na zauna nan na zauna can, har Allah Ya nufa a 2011 na tare a Lugbe, a bayan rukunin gidajen nan na Hukumar Gidaje ta Tarayya, gefen babban titin da ke zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Duk wanda ya san Lugbe ya san cewa ƙasar Gwarawa ce tun asali, amma yanzu babu ƙabilar da ba za ka samu a cikinta ba. A layinmu kaɗai akwai Ibo da Bayarabe da Tibi da Igbira, sai mu Hausawa gida huɗu. Da dare ya yi, kusan kowace katanga akwai haushin kare a bayanta, in ban da namu.

Mu a inda muka tashi, kare na mafarauta ne da makiyaya. Mun san karnukan farauta da ake fita da su daji da rani, mun san dogayen sirarran karnukan nan na Buzayen Azawak masu gudu kamar iska. Amma a ce magidanci a cikin gari ya ajiye kare a tsakar gidansa, yana saya masa abinci, yana kai shi wurin likita, wannan sai dai a ce aikin Nasara. Kalmar kanta ma zagi ce a bakinmu. Saboda haka shekara goma sha ɗaya na yi a Lugbe ban taɓa kawo abin a raina ba.

Da daminar 2022 ɓarayi suka haura mini katanga sau biyu a cikin wata ɗaya. Zuwan farko suka ɗauke janareta. Zuwa na biyu suka cire batirin mota, kuma da safe muka ga sawunsu har gindin tagar ɗakin yara. Wannan sawu shi ya hana ni barci. Maƙwabcina Ibo, mutumin kirki, ya ce da ni, "Alhaji, duk layin nan gidanka ne kaɗai ba ya magana da dare, shi ya sa suke zaɓarsa."

Kafin in yi komai sai da na je wurin malamina. Ya yi mini bayani cewa hadisai sun yi izinin ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, wanda kuwa ya ajiye shi haka kawai, ladansa na raguwa kullum. Ya ce malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗancan, idan akwai buƙata ta gaskiya. Har ya ba ni labarin da masu sharhin Risala ke kawowa, cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana jin tsoro, kuma da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta hakan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Game da tsarki, ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau bakwai bin umarni ne kawai. Amma Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasa ne. Daga nan ya gindaya mini sharuɗɗa uku: kada ya shiga ɗakuna, kada a bar shi da yunwa ko ƙishirwa, kada kuma ya cutar da maƙwabci ko baƙo. Biyun farko na riƙe su da kyau. Na ukun kuwa ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu, domin a tunanina ai ɓarawo kaɗai kare ke cutarwa.

Mu muka koya masa

A farkon 2023 na sayo ɗan kwikwiyo ɗan wata biyu, ruwa biyu. Ubansa Boerboel ne, wato karen gonar nan na Afirka ta Kudu da namijinsa kan wuce kilo 60, uwarsa kuma irin karnukan Jamus ɗin nan da ake gani a hannun 'yan sanda. Saboda baƙin bakinsa da girman ƙafafunsa na sa masa suna Duna.

Mai karatu, a nan ne kuskuren ya faro, kuma ba wanda ya gan shi. Lokacin Duna bai fi kyanwa girma ba. Idan na dawo daga kasuwa sai ya sheƙo da gudu ya ɗora ƙafafunsa na gaba a ƙaurina, ni kuma in sunkuya in shafa kansa. Yara kuwa abin ya zama musu wasa: su ɗaga biskit sama, ya yi tsalle ya cafe, su yi tafi. Kullum haka, safe da yamma, wata da watanni. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mun tanƙwara shi kuwa, sai dai ta inda bai kamata ba.

Da ya kai wata goma sha huɗu aka aza shi a ma'auni wurin likitan dabbobi, kilo 47, kaɗan ya rage ya kai buhun siminti. Idan ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya, na gaban a kafaɗata suke sauka. Bai taɓa cizon kowa ba, kuma tun zuwansa ɓarawo bai sake taka mana katanga ba. Amma duk wanda ya shigo gidan, sai Duna ya tarbe shi da ƙirji. Na yi tsawa, na ture shi, har sanda na sa. Abin da sanda ta haifar shi ne ya koyi shakkata ni kaɗai, ya ci gaba da hawa kan kowa.

Ranar Juma'ar da ba zan manta ba

Akwai wani dattijo a unguwarmu, mutumin Katsina, wanda duk muke kira Baba. Shi ne uban Hausawan layin. Shi ke karɓar auren 'ya'yanmu, shi ke shiga tsakani idan an saɓa, kuma shi ya tsaya mini lokacin da nake neman filin da na gina. Wata Juma'a a cikin Fabrairun 2024 ya biyo ta gidana don mu tafi masallaci tare. Ya yi sallama, yaro ya buɗe masa ƙofa, ni ina ciki ina sa hula. Duna kuwa yana kwance a inda ruwan wanki ke gangarawa, ƙafafunsa duk jar lakar nan ta Lugbe.

Ƙarar ƙofar ƙarfe na ji, sai salati. Ko da na fito, Baba na zaune a ƙasa ya jingina da ƙofa, hularsa a gefe, farar babbar rigarsa da shaidar ƙafa biyu a ƙirji, ga ƙarzunar farce a hannunsa, ga Duna na kaɗa wutsiya yana neman lasar fuskarsa. Mutum mai shekara fiye da saba'in. Na ɗaga shi jikina na rawa. Bai ce komai ba sai "Allah Ya kyauta." Ya koma gida ya sake kaya, ranar bai samu huɗuba ba, kuma wuyan hannunsa ya yi sati uku a ɗaure.

Da dare na je ba shi haƙuri, kuma a nan na ƙara tafka wani kuskuren. Cikin neman in rage nauyin abin, sai na ce, "Baba, ai ko a mazhabarmu ma ba najasa ba ne, rigar ba ta ɓaci ba." Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Ɗana, ni ban tambaye ka hukunci ba. Fatawar da ka samo ta halatta maka ajiye shi. Ba ta halatta maka ɗora mini shi a ƙirji ba. Kai ka zaɓi zama da kare, ni ban zaɓa ba." Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya faɗa mini shi da baki, gani na yi. Matan unguwa suka daina shigowa wurin uwargida, adashin da suke yi a gidanmu ya koma wani gida. Almajiran da ke zuwa karɓar abinci suka ɗauke ƙafa. Mai ruwa ya ce sai dai ya ajiye jarkoki a waje. Taron wata-wata na mutanen Maraɗi da muke yi gida-gida, da layi ya zo kaina sai aka tsallake, aka ce wai gidan wane ya fi fili. Kowa zai gaishe ni a masallaci da fara'a, amma ba mai taka mini ƙofa. Ku da ke zaune a baƙon wuri kun san ma'anar wannan. A gida, ko ba ka kula kowa ba, dangi na nan. A nan kuwa waɗanda ke shigowa gidanka su ne danginka. Su za su kai ka asibiti, su za su ɗauki gawarka. Na kori ɓarawo, na haɗa da jama'ata.

Ana cikin haka sai ga wani labarin. In ba a manta ba, bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar ƙasashen biyu, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Ana buɗewa Inna ta aiko cewa za ta zo ta yi Babbar Sallah da jikokinta. Inna na dogara sanda, gwiwoyinta sun gaji. Na kwanta ina ta hango ta a inda na ga Baba zaune. Wata uku ke gare ni.

Mai horon da ya fara da mu

Da farko ɗaure shi na yi da sarƙa dare da rana. Sati biyu yana kuka yana haƙa ƙasa, kuma duk sa'ad da aka kwance shi sai tsallen ya ninka. Na yi tunanin sayar da shi, sai in tuna sawun nan na gindin taga. Da na kai shi allurar shekara ta rigakafin haukan kare, na zayyana wa likitan halin da nake ciki. Ya gargaɗe ni cewa karen da ke wuni a sarƙa ƙunci ke cika shi, kuma irinsa ne ke komawa cizo. Ya kuma tambaye ni ko an wanke ƙarzunar Baba, domin cutar haukan kare na iya shiga ta ƙarzuna idan yawu ya taɓa wurin, kuma abin da ake so shi ne a wanke da sabulu da ruwa na minti 15 sannan a nufi asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar karnuka, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Allah Ya taimake ni katin allurar Duna a cike yake, shi na kai wa 'ya'yan Baba hankalinsu ya kwanta. Duk mai kare a cikinmu, don Allah kada ya yi wasa da wannan kati.

Likitan ne ya haɗa ni da wani saurayi ɗan Filato, daga wajen Vom, garin da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa take tun 1924. Hausa a bakinsa kamar Bakano. Ranar da ya fara zuwa ko taɓa karen bai yi ba. Kujera ya nema ya zauna, ya ce kowa ya fita ya sake shigowa yadda ya saba. Na shigo, Duna ya hau ni, na daka tsawa na ture shi. Uwargida ta shigo ta yi ihu ta ruga. Autana ya shigo ya rungume shi. Saurayin ya yi dariya ya ce, "Maigida, karenka ba shi da taurin kai. Abin da kuka koya masa yake yi, kuma har yanzu kuna biyan sa."

Ya ce shi kare a fuska yake gaisuwa. Ɗan kwikwiyo bakin manyansa yake lasa, mu kuma fuskarmu na sama, shi ya sa yake hawa. Abin da yake nema abu uku ne: a dube shi, a yi masa magana, a taɓa shi. "Da ka harare shi ka dube shi. Da ka yi tsawa ka yi masa magana. Da ka ture shi ka taɓa shi, kuma a wurinsa turi kokawa ce, wasa ne. Duka ukun ka ba shi, sannan kana mamakin ya ƙi bari."

Daga baya na karanta cewa wannan tsohon ilimi ne. Wani masanin halayya ɗan Amurka, B. F. Skinner, ya yi gwaje-gwaje da ɓeraye tun a shekarun 1930, daga baya da tantabaru, ya nuna cewa duk halin da ake sakawa da lada yana maimaituwa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, halin da ake ba wa lada wani lokaci a hana wani lokaci, shi ya fi wuyar bari. Kamar ɗan caca ne, ci ɗaya ke sa shi jure faɗuwa goma. Gidana kuwa gidan caca ne a wurin Duna: ni duka, uwargida ihu, auta runguma.

Dokokin da ya kafa mana ba su da yawa. Idan ya yi tsalle, ka juya masa baya, ka harɗe hannuwa, kada ka dube shi, kada ka ce uffan. Da zarar ƙafafunsa huɗu sun taɓa ƙasa, nan take ka yaba masa ka ba shi ɗan abin daɗi, kuma ka miƙa masa a ƙasa-ƙasa, kada ka ɗaga hannu. Sai a koya masa zama, domin kare ba ya iya zama da tsalle lokaci guda. Sai a shimfiɗa masa buhu a gindin mangwaro, nesa kaɗan da ƙofa, ya zama duk sa'ad da aka yi sallama can zai nufa, da igiya a wuyansa har sai ya ƙware. Sai yawo na rabin awa kowace safiya don ya rage ƙarfi. Darasi minti biyar, sau uku a rana. Ladan kuwa dafaffiyar hanta ce da aka yanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, ba gishiri ba yaji. Na ce ga kilishi, ya ce a'a, albasa na cutar da jinin kare.

Wuri ɗaya muka yi gardama. Shi da Turanci ya saba ba karnuka umarni, ni kuwa na ce da Hausa za a yi. Ya ce ai kare ba ruwansa da yare, sauti yake riƙewa. Na ce to shi ya sa, domin wadda nake yi wa wannan aiki ba ta jin Turanci. Muka tsaya a kan kalma uku: "zauna", "wurinka", da "madalla".

Azumi da haƙuri

Horon ya faɗo a cikin azumi. Saurayin ya riga ya gargaɗe ni cewa abin zai ƙara lalacewa kafin ya gyaru. Ya ce, "Ka ga mai buga famfon burtsatse? Idan ruwa ya ɗauke ba ya tafiya nan take, sai ya ƙara bugawa da ƙarfi tukuna. Idan ka sare a nan, ka koya masa cewa ƙarfi ne ke kawo ruwa." Haka kuwa aka yi. Satin farko Duna ya yaga mini riga biyu ta baya. Ka dawo daga kasuwa dab da magariba, maƙogwaro a bushe, buhun siminti na dukan bayanka, kai kuma an ce kada ka ce komai. Ban taɓa sanin cewa yin shiru aiki ne ba sai a lokacin.

A sati na biyu ya fara sauka da wuri. A na uku, ina buɗe ƙofa sai ya taho da gudu, ya ja birki, ya dafe gindinsa a ƙasa yana kallon hannuna. Sai kuma a sati na huɗu abin ya dawo sabo. Na rasa dalili, har ranar da uwargida ta nuna mini rigar makarantar auta da shaidar ƙafa biyu a kafaɗa. Ashe bayan gida yake jan sa su yi wasansu na da.

Na kira shi. Ya ce, "Abba, ai murna yake yi. Idan na juya masa baya sai in ga kamar zai yi kuka." Ban doke shi ba, domin abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ni na fara koya musu wasan. Na ce, "Idan Inna ta shigo ya yi mata irin wannan murnar fa?" Ya yi shiru. Na ce ba hana shi wasa da Duna aka yi ba, ya durƙusa ya shafa shi yadda yake so, muddin ƙafa huɗu na ƙasa. Daga ranar na ɗora shi a kan yankan hanta da riƙon gwangwaninta, ya zama shi ne ya fi kowa tsanani a kan doka.

Saura baƙi. A nan na gane cewa kare ba ya ɗaukar darasi daga mutum ɗaya ya kai kan wani. Ya daina hawa kaina, amma da ya ga baƙuwar fuska sai ya manta komai. Ana buƙatar masu shigowa don gwaji, ga shi mutanena sun ƙaurace. Maƙwabcina Ibo ne ya fara ba da kansa, sai mai gadin layi, sai mai ruwa bayan na ƙara masa kuɗin jarka, sai wani abokina mutumin Tasawa da ya ce zai shigo amma in ya mutu in riƙe masa 'ya'ya. Kowannensu zai yi sallama, a ce "wurinka", ya shigo. Idan Duna ya tashi, baƙo ya juya ya fita a rufe ƙofa. Idan ya zauna, baƙo ya wuce, auta ya jefa hanta. Wata rana sai da aka yi shiga da fita sau ashirin.

Mun kuma lura cewa babbar riga na tayar masa da hankali, saboda yadda take kaɗawa. Sai na riƙa sa tawa ina shiga ina fita ina gyara ta a kafaɗa. Uwargida kuma ta sa dogon hijabi, ta ɗauki sanda, tana tafiya a hankali tana ɗingishi irin na Inna, yara na ta dariya. Duk wanda ya leƙo ta katanga a lokacin zai ce mutanen gidan nan sun taɓu.

Zuwan Inna

Inna ta iso saura kwana huɗu Sallah, wadda ta kama 16 ga Yunin 2024. Ta biyo ta Ɗan Isa da Jibiya, ta kwana a Katsina, washegari da la'asar muka ɗauko ta daga tasha. Babban ɗana na riƙe da igiya a gindin mangwaro. Na buɗe ƙofa zuciyata na bugawa. Duna ya ga baƙuwa, jikinsa ya ɗauki rawa, wutsiya na share ƙasa. Ya ɗaga gindinsa kamar taki ɗaya, auta ya ce "zauna", ya koma ya zauna.

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ta tsaya ta dogara sandarta ta ƙare masa kallo, sannan ta juya wurin uwargida ta ce, "Ke ɗiyata, wanga abu jaki ne ko kare?" Ta wuce ɗaki abinta.

Wata biyu ta yi tare da mu. Ba ta taɓa shafa shi ba ko sau ɗaya. Ta sa an rataye butarta a ƙusa, ta sa an ware masa kwanonsa nesa da madafa. Amma da hantsi idan ta fito shan iska ya matso, sai ta nuna buhu da sanda ta ce "wurinka", ya tafi ya kwanta. Ranar layya kuma ina jin ta tana ce wa yara a cire wa mai gadi rabonsa, shi ma yana da haƙƙi.

Abin da ya rage

Ba zan ce muku komai ya koma yadda yake ba. Matan unguwa sun dawo, almajirai ma haka. Taron mutanen Maraɗi ya dawo gidana a 2025, bisa sharaɗin a kulle kare kafin kowa ya iso, kuma na karɓa ba tare da gardama ba. Na gina masa ɗan ɗaki mai inuwa a bayan gida, duk baƙon da na san yana tsoro ko yana ƙyama, kafin ya iso Duna na ciki. Ba na cewa kowa "shigo, ba ya cizo", domin wannan magana ba ta taɓa cire wa mai tsoro tsoro ba. Amfanin horon shi ne ranar da yaro ya buɗe ƙofa ba shiri, kamar waccan Juma'ar. Shi kansa Duna yakan yi tuntuɓe. Na taɓa yin tafiyar sati biyu, ina dawowa ya manta kansa ya hau ni. Na juya masa baya, ya sauka ya zauna, sannan muka gaisa.

Baba kuwa har yau bai sake shiga gidana ba. Ya yafe mini, muna tafiya masallaci tare, shi ya raɗa wa jaririyarmu suna. Amma idan ya zo, a waje yake tsayawa ya yi sallama in fito. Duk ranar Juma'a idan na kai inda aka ambaci karen mutanen kogo a Suratul Kahfi, wanda aka siffanta shi a kwance a bakin shiga, sai in tuna cewa da na koya wa nawa kwanciya tun yana ƙarami, da dattijon nan bai faɗi a ƙofata ba.

Don haka 'yan uwa, na san da yawa daga cikinmu a Lugbe da Kuje da Kubwa da Maraba yanzu suna ajiye karnuka saboda halin tsaro, wasu ma a ɓoye don kunya. Ban ce kowa ya ajiye ba, ban ce kowa ya bari ba, wannan tsakanin mutum ne da malaminsa. Amma wanda ya ajiye, ya fara tun ranar farko: abin da ba za ka so ya yi yana kilo 50 ba, kada ka yi masa dariya a kai yana kilo 5. Ku haɗa baki a gida a kan kalma ɗaya. A yi masa allura a kan lokaci. Kuma a tuna da maganar Baba, cewa baƙon da ya yi maka sallama wurinka ya zo, bai zaɓi zama da kare ba.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya bar mu da jama'armu, Ya mai da mu gida lafiya. Sai mun sake saduwa. Wassalamu alaikum.